Ɗakin Gwaggo a Bakin Kwazazzabo

Wudil, 9 ga Fabrairu, 1952

Zuwa ga bawana Isyaku, ɗan Gwaggo Hansai, a Bukuru.

Gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, da yadda kuke fama da sanyin dutsen da ka zaɓa ka bar mu. Mu nan sai godiyar Allah. Gwaggo lafiyarta ƙalau, in ban da ciwon gwiwar nan da yake hana ta zuwa rijiya amma ba ya hana ta zuwa biki. Mai ɗakina ta miƙe daga zazzaɓin da na faɗa maka.

Saƙonka ya iso game da soron da kake so a gina wa Gwaggo, na kuma karɓi wakilci. Na kira Ɗantani magini, har ya fara tubali. Ƙasar a kan kwazazzabon burtali yake haƙa, can ƙasa da tsamiyar gidanku, wai jar ƙasa ce a buɗe, ba sai ya sha wahala ba.

To, gyara zama ka ji abin da ɗan kawunka ya yi. An aiko mana da sabon littafin labarin ƙasa, a ciki akwai shafi guda da ya ce ruwa yana zaizaye ƙasa, shi yake yin kwari da tudu da fadama. Na karanta wa 'yan aji huɗu, suka zuba mini ido kamar ina yi musu Turanci. Na ce ai kuwa ba za a yi haka a ajina ba. Na fitar da su bayan aji, muka tara ƙasa tuli guda, ta kai ƙugun mutum, muka daddale ta. Na sami tsohuwar garwar kananzir na huhhuda gindinta da ƙusa. Na hau benci na ɗaga garwa, yara suna zuba ruwa a ciki, ga damina ta sauka a tsakiyar rani!

Isyaku, da ka ga abin! Da fari 'yan layuka ne sirara kamar tsagar fuska. Can sai suka haɗu suka yi rafi, rafin ya nutsa ya yi kwari, gefensa yana rubzawa. A gindin tulin kuwa laka ta bazu ta kwanta lumui, rairayi ya tsaya a tsakiya ruwa ya raba biyu ya kewaye shi. Ya'u, ɗan masunta, ya yi tsalle ya ce, “Malam, wallahi ga tsibirin da muke shanya koma!” Mairo, wadda uwarta ke ginin tukwane, ta dangwali lakar ta ce, “Wannan ai yumɓun innata ne.” Na ce, “Wa ya haƙa kwarin nan?” Suka ce ruwa. Na ce, “Ina ƙasar da ta fita daga ciki?” Suka nuna fadamar. Ihun da suka yi sai da Hedimasta ya fito da bulala, ya zo ya tsaya, ya manta abin da ya fito yi.

Ka tuna fa, ni ba Kwaleji na yi ba. Shekara biyu na yi a Midil, sauran da kaina na haƙo shi, da fitilar aci-balbal da littattafan aro. Amma a duk gundumar nan, daga Lajawa har Utai, a nuna mini malamin da ya taɓa saukar da ruwan sama daga garwa. Kafin damina sai na nuna wa mutanen garin nan abin da ruwa yake iya yi wa gona da gini.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ni ne ubangidanka,
Malam Halliru

*

Bukuru, 27 ga Fabrairu, 1952

Zuwa ga Sarkin Ruwan Garwa, Malam Halliru.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, takardarka ta same mu lafiya. Ƙaramin yaron ya yi tari amma ya samu sauƙi. Na ji daɗin labarin gwiwar Inna, tunda har tana kai ta biki.

Wanda kake kira bawa, leburori ne jingim a ƙarƙashinsa a ramin kuza, kai kuwa 'yan yara masu majina. Na karanta wa abokan aikina labarin garwarka, mun yi dariya har da hawaye. Mu nan da mesar ruwa mai kaurin cinyar sa muke fasa tudu sukutum mu wanke kuza, kai kana can kan benci da gwangwani. Allah ya ƙara basira.

Maganar gini, ga yadda nake so. A yi shi a gindin tsamiya, daidai inda marigayi Baba yake shimfiɗa buzunsa. Nan Inna ta ce tana so tun zuwana na bara, ba ta kuma roƙe ni komai ba tun rasuwarsa sai wannan. Tsohon ɗakinta ba zai kai wata daminar ba, azara ta ci, bara da ƙwarya ta riƙa tarar yoyo. A gama kafin azumi, don ruwa ba zai jira mu ba.

Na ga ka ambaci kwazazzabo. Kada ya dame ka. Ruwa gangara yake yi, kwazazzabo kogi ya nufa, gidanmu kuwa yana sama da shi. Wannan ko jakin Ɗantani ya sani, ba sai an hau benci ba.

Ka duƙa ka gaida mini Inna da kyau.
Naka, Isyaku

*

Wudil, 15 ga Maris, 1952

Bawana Isyaku,

Ina gaisuwa, ina yi wa yaro sannu. Kowa lafiya a nan. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, sauri nake yi in kai ga abin da zan faɗa maka.

Jakin Ɗantani ya yi kuskure, kai ma ka yi, ni ma da haka na ɗauka. Kwazazzabo ba gaba yake tafiya ba. Da baya yake tafiya!

Ga yadda muka gano. Na ce da yara mu yi burtali a jikin tulinmu, irin wanda shanu suke bi su gangara kogi ran kasuwar Juma'a. Suka ja hanya da yatsa, suka tattaka ta da tsinke a madadin kofato. A tsakiyar gangaren na sa aka yanke ɗan gefe da wuƙa, kamar inda Ɗantani yake ɗibar ƙasa. Muka saki ruwa. Ruwan ya bi hanyar, ya zo bakin yankan ya faɗa, yana faɗawa yana ƙwaƙule ƙarƙashin bakin, sai leɓen ya rasa abin da zai tsaya a kai, ya rufta. Sabon baki ya koma sama. Ya sake ƙwaƙulewa, ya sake ruftawa, ya sake komawa sama. Ruwa yana gangara, rami yana hawa! Yaran suka kama tafi suna cewa, “Ga shi nan yana hawowa, ga shi nan!” Ni kuwa ina kan benci, tsamiyarku kawai nake gani a idona.

Washegari na jera su muka tafi burtali. Ka tuna farin dutsen nan da muke zama a kai muna jifan shanun fatake da ƙwallon magarya, har aka zane mu? A lokacin yana sama da kan kwazazzabon da nisa, ko ba haka ba? Yau yana cikin rami, a kife, sai da na leƙa na gan shi. Ramin ya wuce shi ya bar shi a baya. Tsakanin bakin ramin da saiwar tsamiya yanzu bai fi jifan ƙaramin yaro ba, ga Ɗantani kullum yana yanka masa sabon baki da sangwami. In aka ɗora soro a nan, indararo yana zuba ruwa a wurin, ban ba shi damina biyu ba. Kuma ba da rana tsaka yake ruftawa ba, sai ana tsakiyar ruwa mutum yana ciki.

Na je na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, “Halliru, tun ubanka yana yawo ba wando ramin nan yake nan, bai ci kowa ba. Boko ne ya fara taɓa ka?” Ta miƙo mini fura.

Na tsayar da Ɗantani, na ce kada ya sa tubali ko ɗaya sai na ji daga gare ka. Amma na san Gwaggo, magana ba ta shigarta, sai ta gani da ido. Don haka na yi dabara. Na sa Mairo ta gina mana ɗan soro na yumɓu kamar tafin hannu, har da ƙofa da indararo. Za mu kafa reshen tsamiya a kan tuli, mu ajiye soron a gindinsa, in gayyato Gwaggo ranar Laraba ta ga darasi. Na tabbata kafin garwa ta ƙare za ta ce a sauya wuri. Irin wannan dabara ba a koyar da ita a Kwaleji.

Wani yaron mota mai zuwa Jos zan ba takardar nan, ya fi gidan waya sauri.

Ubangidanka, Halliru

*

Bukuru, 2 ga Afrilu, 1952

Malam Halliru,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Tun takardarka ta Fabrairu ban sake ganin layi ɗaya daga gare ka ba, amma labari ya zo mini da ƙafarsa. Fataken shanu da suka taso daga kasuwar Wudil sun sauka a nan jiya, a gaban mutane suka ba ni shi, ba su ma san uwata ba ce. Wai wani malamin boko ya gina siffar ɗakin gwaggonsa, har da itacen ƙofar gidanta, ya kira ta, ya tara yara, ya sakar masa ruwa har ya rushe, yara suna tafi. Wai tsohuwar ta ja mayafi ta tafi tana kuka, garin kuma ana cewa an yi mata mugun fata tun ba a sa harsashi ba.

Na koma na ɗauko takardarka. Da hannunka ka rubuta cewa sai ka nuna wa mutanen gari abin da ruwa yake iya yi wa gini. Ashe ginin uwata kake nufi. Me ta yi maka? Ita ta goye ka lokacin da mahaifiyarka take jinya. In wasan taubasai ne, ni za ka yi wa, ba ita ba. In kuwa suna kake nema a wurin Hedimasta, ka nema da abin gidanku.

Na karɓe wakilcin. Na rubuta wa Ɗantani ta hannun liman, ya fara gini a gindin tsamiya yau-yau, kuma kowa ya ce ya tsaya kada ya tsaya, ko da Inna ce da kanta, don na san bakinka, kana iya juya ta. Sai ya ji daga gare ni.

Wassalam.
Isyaku

*

Wudil, 12 ga Afrilu, 1952

Ɗan'uwana Isyaku,

Amin wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya kai da yara, ko da ba ka tambayi tamu ba. Muna nan.

Na rubuta maka tun tsakiyar Maris na bayyana komai. In yaron motar nan ya naɗe ƙosai da takardar, shi da Allah. Wannan ta gidan waya zan aiko.

Abin da fatake suka faɗa ya faru, amma sun bar rabinsa a hanya. Gwaggo ta zo ranar Laraba da sabon zane, na sa mata kujera a inuwa, yara suka gaishe ta a tsaye, ta ji daɗi har tana cewa, “Ashe haka kake da daraja a nan.” Da ta ga ɗan soron ta ɗauka ta jujjuya ta ce, “Kai, wannan nawa ne?” Na ce naki ne. Aka saki ruwa. Ramin ya hawo kamar yadda na ce, ya zo ƙarƙashin soron, soron ya karkata, ya kife a cikin laka. Yaran sun saba tafi duk lokacin da baki ya rufta, suka tafa. Na juyo ina jira ta ce na gani, sai na ga fuskarta. Ta ce, “Halliru, ɗakin da ban kwana ciki ba ka kashe mini shi a gaban 'ya'yan mutane?” Ta tashi.

Ni darasi na gani, ita ɗakinta ta gani. Tun ranar in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Mai ɗakina ta aika mata da dambu, kwanon ya dawo a rufe yadda ya tafi. A masallaci wani dattijo ya ja ni gefe ya tambaye ni ko gaskiya ne na binne laya a cikin tulin.

Duk da haka ba zan ce maka ramin ba ya hawa ba, don yana hawa. Ɗantani ya sa harsashi, gini ya kai gwiwa. Kullum in na wuce a keke sai in kau da kai.

Abu ɗaya nake so ka yi, ba don ni ba. Kai da kake taƙama da mesa mai kaurin cinyar sa, gobe ka tsaya ka dubi bangon ramin da kuke fasawa. Ka sa dutse a samansa, nesa da baki, ka koma bayan 'yan kwanaki. Ruwanku gangara yake yi, na yarda. Ka gaya mini ina bangon yake tafiya.

Ɗan kawunka, Halliru

*

Wudil, 5 ga Mayu, 1952

Isyaku! Isyaku!

Gaisuwa, da fatan lafiya. Shirunka ya yi yawa, amma yau ba ƙorafi na zo yi ba. Karanta da sauri.

Shekaranjiya ina tsakiyar koyar da lissafi sai ga Gwaggo a ƙofar aji, da sandarta da butarta, ko sallama ba ta yi mini ba, yara ta yi wa. Ashe wata tsohuwa ƙawarta ce ta ce mata mugun fatan ba zai karye ba sai hannun da ya rushe ɗakin ya sake tayar da shi, a zuba ruwa ya tsaya a gaban waɗanda suka ga faɗuwarsa. Ta ce, “Kai mai garwa, fito. Ka tayar mini da ɗakina yadda ka kayar da shi.”

Na ce to. Muka gyara tuli, muka ja burtali, muka yanka baki, muka kafa reshe. Mairo tana da wasu 'yan sorayen da ta gina don wasa, ta kawo. Na ajiye ɗaya a gindin reshe. Na ce, “Gwaggo, zai fa sake faɗuwa.” Ta ce, “Rufe mini baki. Kuma ba da garwarka ba, ban yarda da ita ba.” Na gargaɗi yara, duk wanda ya tafa sai na tafa shi.

Ta yi bisimilla, ta tsaya ta saman tulin tana tsiyaya ruwa da butarta a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Buta ta ƙare aka ciko, ta ƙare aka ciko. Baki ya rufta, ya hawo. Ta rage hannu. Ya sake ruftawa. Ta ce, “Kai, tsaya mana!” Wallahi da ramin take magana. Soro ya kife.

Babu yaron da ya tafa. Na ce a raina yau kam na gama yawo a garin nan. Sai ta ce, “A sake.” Aka sake, wannan karon ita ta daddale ƙasar da tafin hannunta, ta matsar da soron baya kaɗan. Ya daɗe bai faɗi ba, amma ya faɗi. Ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta leƙa ƙarƙashin bakin ramin, ta sa yatsa ta taɓa inda ruwa ya ƙwaƙule. Ta daɗe a haka. Can ta ce, ba da ni ba, da Ya'u, “Kai yaro, farin dutsen nan na burtali, da gaske yana cikin rami?” Ya ce, “Da gaske, Iya, mun gan shi.” Ta ce, “A kansa nake ajiye tulu in huta, shekarar da aka kawo ni.”

Ta ɗauki soro na uku da hannunta, ta kewaya tulin tana dubawa. A bayansa akwai gefen da muka dasa ciyawar gamba tun watan jiya, don in nuna wa yara yadda saiwa take riƙe ƙasa. Ta ajiye shi a nan. Ta ce, “Hau bencinka. Kawo garwar taka, ka zuba duk abin da kake da shi.” Na hau. Muka zuba har randar makaranta ta ƙare, yara suna gudu rijiya. Ruwa ya bi ta cikin gamba ya fita, ko jirwaye bai yi ba. Soro yana tsaye! Ta dubi yaran ta ce, “To, yanzu ku tafa.” Isyaku, tafin da aka yi har kasuwa an ji!

Ta ce a bayan rumbunan gidanku take so a yi ɗakin, wajen gambar da ta raba gidan da gona. Muka tafi wurin Ɗantani tare, tana gaba ina biye. Ya ce shi fa takardar Isyaku ta ce ko Inna ce kada ya tsaya, kuma liman ne shaida. Ta ce, “Ni na haifi mai takardar!” Ya ce ya sani, amma shi amana aka ba shi. Gini ya kai ƙirji, jibi yake maganar sayo azara. Na roƙe shi ya ce zai ja ƙafa zuwa Juma'a ta sama, daga nan ba ruwansa.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, azumi saura kaɗan. Sauran tubalin da ke ƙasa zai kai rabin sabon ɗaki, in an fara yanzu. Kada ka tsaya rubuta doguwar takarda. Ka je gidan waya ka buga wa Ɗantani waya, kalma biyu ta isa. In fushi kake da ni ka ci gaba da yi, amma ka buga.

Halliru

*

Bukuru, 10 ga Mayu, 1952

Zuwa ga Sarkin Ruwan Garwa.

Gaisuwa da ban-gajiya. Muna lafiya, ina fatan mai ɗakinka da kowa lafiya. Na buga wa Ɗantani waya da safen nan, ina jin ta riga wannan isowa. Na ce ya bi maganar Inna.

Takardarka ta Maris sai makon jiya ta zo, duk man ja a jikinta, yaron motar ya kai ta har Kafanchan ya dawo da ita. Da ta zo a kan lokaci da ban rubuta abin da na rubuta ba, ko da yake da na hana ka taɓa yumɓun nan tun farko. Kai da hankalinka, ka gina ɗakin tsohuwa ka rushe a gabanta! Wannan ma ba a koyar da shi a Kwaleji.

Dutsen da ka ce in sa, na sa. Ban gaya wa kowa ba, don kada leburori su ce maigida ya fara wasan yara. Da na koma ban same shi a sama ba. Shekara nawa ina tsaye a bakin ramin nan, kullum muna matsar da rumfarmu baya, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na so in rubuto tun a lokacin, sai na rasa ta inda zan fara, don na san bakinka ba zai bar ni in sha ruwa ba.

Wakilci ya koma hannunka. Abu ɗaya nake roƙo. Inna ba soro take so ba, tsamiyar take so. Ka san abin da za ka yi.

Bawanka, amma na wannan watan kaɗai,
Isyaku

*

Wudil, 20 ga Yuli, 1952

Zuwa ga bawana na har abada, Isyaku.

Gaisuwa mai yawa, da barka da shan ruwa, da barka da salla ko da ta wuce. Kowa lafiya. Gero ya yi kyau, gyaɗa ta rufe ƙasa, kogi ya cika har ya shanye tsibirin su Ya'u. Na ce da su kada su damu, zai dawo da rani, sai dai ba lalle a inda suka bar shi ba. Sun rubuta wannan a allo.

An gama ɗaki! Da ƙyar muka sha, ranar da aka gama yaɓen rufi da la'asar ruwan farko ya sauka, Ɗantani yana saukowa daga tsani yana salati. Maganar da ka roƙa na yi. Na sa ya juya ƙofar ta dubi tsamiya, aka kuma rage zanan da ya tare, yanzu daga kan tabarmarta tana hango inda Baba yake shimfiɗa buzu. Da ta shiga ta zauna ta dubi tsamiyar. Da yamma kwanon tuwo ya zo gidana, da man shanu a kai.

Wancan ginin da aka bari a gindin tsamiya, ruwan makon jiya ya zo masa. Da safe muka tarar kusurwar da ke duban burtali babu ita, tana cikin rami, daidai inda gadonta zai kasance. Mutane suka taru suna kallo. Dattijon nan mai tambayar laya yana cikinsu, na gaishe shi da kyau, har sau biyu.

Yanzu aikinmu tsamiya. Saiwarta ɗaya ta fito fili. Na hana ɗibar ƙasa a wurin, mai unguwa ya goyi bayana. Duk ranar aikin gona ina kai 'yan aji huɗu mu dasa gamba a saman ramin, mu jera duwatsu da ƙirare a bakinsa don ruwa ya rage ƙarfi. Ban yi maka alkawarin za ta tsira ba, amma bakin bai matsa ba tun da muka fara. Hedimasta ya ce malaman Utai da Darki za su zo su ga tulinmu. Na ce su zo da garwarsu.

Sai dai akwai wata ɓarna da nake so ka gyara in ka zo babbar salla. Gwaggo ta ɗauke ɗan soron nan na uku ta sa shi cikin jerenta, tsakanin tasoshi. Duk matar da ta shigo sai ta sauko da shi ta ba ta labari, kuma a labarin nata ni ban yi komai ba sai riƙe garwa. Har cewa take ita ta gano rami yana tafiya da baya! Kai kana da takarduna, da kwanan wata a jiki. Ka zo da su ka karanta a gaban mutane.

Na karanta mata wannan kafin in rufe, don ta ce ba za a sake aika maka labarinta ba ta ji ba. Ta ce in ƙara maka wannan, kuma tana tsaye a kaina sai na rubuta:

“Isyaku, ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka, ɗaki ya yi. Kada ka wahalar da kanka da ɗauko wasu takardu. Yara sun gani da idonsu. Sau ɗaya ya ajiye ɗakin nan ya faɗi. Da na karɓa na ajiye, ga shi nan ina ciki.”

Sau biyu ya faɗi a hannunta kafin nan. Na faɗa mata, ta ce in rufe takarda.

Ubangidanka,
Malam Halliru